Shekara 9 ba haihuwa, Inna ta samo min wata a gida

"Mama barka da aiki, dan Allah a sakaya sunana. Ni Kirista ne, ina aikin gwamnati nan Sakkwato, shekaruna 41. Shekara 9 kenan da anka ɗaura muna aure a coci, har satifiket ɗin rajista muna da shi, amma har yau Allah bai bamu haihuwa ba, ko ɓari matata bata taɓa yi ba. Ta sha magani har ta gaji, na asibiti da na gargajiya, munyi azumi munyi addu'a. Ni kaɗai ne namiji wurin Innata, babanmu ya rasu, duk sadda na je gida kuka take wai sunan gidanmu zai ɓace. Da Kirsimetin da ta wuce ta nuna min wata yarinya a ƙauyenmu, tace sunyi magana da iyayenta, ayi na gargajiya shiru, yarinyar ta zauna wurinta ba sai coci ta sani ba. Ban amsa ba amma kuma ban hana ba, har na tura kuɗin gaisuwa. Matata ta ga saƙon ƙanwata a wayata, yanzu sati 3 tana gidan yayarta ta ƙi ɗaukar kirana. Mama ina son matata, bata taɓa yi min laifi ba, amma ina son in ga ɗana kafin in mutu. Abokaina a ofis suna cewa mi na wahala, ka ƙara aure mana. Kakana ma mata 3 gare shi kuma cikin ikilisiya ya mutu. Shin zunubi ne? Ko in sallame ta kowa ya nemi rabonshi? Ni dai ban taɓa zuwa gwaji ba don na san lafiyata lau."

Ɗana sannu, Ubangiji ya sanyaya maka zuciya. Son ganin ɗa ba laifi bane, ba kuma rashin bangaskiya bane, duk wanda yace maka ka daina damuwa kawai toh bai taɓa zama cikin gida shiru shekara 9 ba, bai taɓa zuwa sunan ɗan ƙaninsa ya dawo ya kasa cin abinci ba. Na ji wannan ɓangaren kuma bazan raina shi ba. Amma tunda ka kira ni Mama zan yi maka magana irin ta uwa, wata zata yi maka daɗi wata bazata yi ba.

Bari in fara da layinka na ƙarshe, don shi yafi tsaya min a rai. Shekara 9 matarka na shan sassaƙe da jiƙo cikin jarkoki, tana sammako ta kama layi a asibiti da katinta a hannu, ana duba ta ana sake dubawa, kai kuma ko sau ɗaya baka je ba wai lafiyarka lau. Wa ya gaya maka? Abin da maza ke kira lafiya lau, wato iya kwanciya da iyali ba tare da matsala ba, daban yake da iya bada ciki. Namiji zai iya zama da ƙarfinsa cif, maniyyi yana fita kamar na kowa, amma ƙwayoyin haihuwar da ke ciki sun yi kaɗan ko basa motsi ko ma babu su sam, kuma ba yadda za ayi a gane da ido sai an saka a madubin likita. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da basu samu haihuwa ba akwai hannun matsalar namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 tace kusan mutum 1 cikin 6 a duniya na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata duka, kaga ba ku kaɗai bane kuma ba tsinuwa bace. Abubuwan da ke jawo ta wurin namiji sanannu ne, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka ƙasa, ciwon sanyi da aka sha maganin kemis ba a gama warkewa ba, kumburin jijiyoyin maraina, ciwon suga, taba da giya, yawan zafi a wurin, wasu ma haka aka haife su. Wasu daga ciki ana magance su, har da ɗan ƙaramin aiki.

Toh yanzu ka zauna ka yi lissafi. In matsalar daga wurinka take, ka auri yarinyar nan shekara 2 ta wuce shiru, me zaka ce? Ka ƙara ta uku? Ko kuma abin da yafi muni ya faru, wanda kowa ya san yana faruwa amma ba a faɗa, yarinya ta ga an kawo ta ne don ciki kawai, matsi ya yi mata yawa, ta je ta nemo shi inda ta samu. Kana shirin rushe gidan shekara 9 akan wani zato da gwajin rana ɗaya zai iya warware shi.

Yanzu ga matarka. Kace bata taɓa yi maka laifi ba, toh ka ɗan shiga rigarta. A garin nan mace marar haihuwa ita ake kallo, ba mijin ba. Ita ce in kun je gida da Kirsimeti ake gaishe ta ido na kan cikinta. Ita ce ranar miƙa yara a coci take zaune cikin ankon zumuntar mata tana tafi, a miƙo mata jaririn wata ta riƙe don uwar zata je gaba, ta yi masa wasa ta mayar, ta dawo gida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ita ake kira juya a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido cikin habaici. Duk wannan ta shanye don tana da abu ɗaya da ta riƙe, cewa mijinta na tare da ita. Ranar da ta buɗe wayar nan wannan abu ɗayan ne ya faɗi. Ina tabbatar maka ba yarinyar ce tafi yi mata ciwo ba, a'a, sanin cewa kai da Inna da ƙanwarka kun zauna kun ƙulla, kuɗi ya fita daga aljihunka, ita kuma tana nan tana dafa maka tuwo bata san komai ba. Kace baka amsa ba baka hana ba. Ɗana, wanda ya tura kuɗin gaisuwa ya amsa. Gara ka yarda da wannan tun yanzu don in ka je wurinta da "ai ni ban amince ba, Inna ce" ka ƙara ɓata lamarin.

Ka tambaye ni ko zunubi ne. Bazan yi maka kwana-kwana ba, a koyarwar da kai kanka ka tsaya a kanta ranar ɗaurin aurenka, eh, karya alkawari ne. Ka tuna abin da fasto ya tambaye ka gaban jama'a, cikin daɗi da wuya, cikin samu da rashi, cikin lafiya da ciwo, ka rabu da sauran mata duka ka manne mata har mutuwa ta raba. Babu inda aka ce in ta haihu. Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka bar shi haka, don a fahimtar Kirista aure alkawari ne tsakanin mutum biyu a gaban Allah, ba kwangilar samar da ɗiya bace da za a soke in kaya basu iso ba. Ka buɗe Farawa sura 2, dalilin farko da aka bayar na yin mace shi ne bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, sai aya ta 24 tace mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya. Lura fa, Adamu da Hawwa'u sun zama jiki ɗaya tun kafin a haifi ɗansu na fari Kayinu. Da Farisiyawa suka zo wa Yesu da tambayar saki a Matiyu 19, wannan wurin ya koma, ya ƙara da cewa abin da Allah ya gama kada mutum ya raba. Mutum ɗin nan ya haɗa da Inna, ya haɗa da abokan ofis, ya haɗa da kai.

Ba wai ɗiya basu da muhimmanci ba, suna da shi ƙwarai, umarnin ku hayayyafa yana nan a sura ta farko, Zabura 127 kuma ta kira su gado daga Ubangiji. Amma kyauta ce ake bayarwa, ba su ne ke riƙe da auren ba. Tsohon littafin addu'a na Angilika na 1662 ya jera dalilan aure guda 3, haihuwa da renon yara cikin tsoron Allah, kiyaye kai daga zunubi, da zaman tare na taimakon juna da ta'azantar da juna cikin wadata da tsanani. In ɗaya bai samu ba biyu suna nan daram. 'Yan'uwanmu Katolika da suka fi kowa tsauri kan zancen haihuwa ma, dokar ikilisiyarsu ta faɗa ƙarara cewa rashin haihuwa baya hana aure kuma baya ɓata shi. Ban san wata babbar ɗariƙa da ke cewa in shekara kaza ta wuce ba ɗa alkawari ya tashi ba, kuma taka ma na san ba haka take koyarwa ba, shi yasa Inna tace kada coci ta sani.

Zancen kakanka kuwa, ka binciki tarihin da kyau zaka tarar da matansa bishara ta same shi. Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da ikilisiyoyin Afirka, 'yan mishan na farko da yawa sun ce sai mutum ya saki sauran kafin ayi masa baftisma, abin da ya jefa mata da yara da dama cikin wahala. A 1988 taron bishop-bishop na Angilika da ake kira Taron Lambeth ya amince a yi wa mai mata da yawa baftisma in ya tuba da su, ba sai ya kore su ba, amma da sharaɗin bazai ƙara wata ba. Kaga rangwamen na wanda ya shigo da su ne, ba na wanda ya tsaya gaban bagade ya rantse wa ɗaya sannan ya zagaya ta baya ba. Abokan ofis ɗinka kuma ba mugunta suke maka ba, in Musulmi ne addininsu ya halatta musu har 4 da sharuɗɗansa, kuma su a fili suke yi, da waliyyi da shaidu da sadaki, uwargida ta sani har a yi mata kayan faɗar kishiya. Abin da ake shirya maka ko a wurinsu ba abin yabo bane, aure a ɓoye. Kowa da igiyar da ya ɗaura wa kansa, kai ka san wadda ka ɗaura.

Na san wani zai ce maka ai Ibrahim ma ya yi. Ya yi, amma ka karanta labarin har ƙarshe. Saratu ce ma da kanta ta kawo shawarar, duk da haka gidan bai ƙara zama lafiya ba, ƙarshenta Hajaratu ce aka sallama da sassafe da ɗan abinci da salkar ruwa ta shiga jeji da yaronta. Gidan Elkana ma haka, matarsa Feninna mai ɗiya ta hana kishiyarta Hannatu da bata haihu ba sakat har ta kasa cin abinci. Shi Elkana ya ce mata wai ashe bai fi mata ɗiya goma ba, maganar bata iya lallashi sosai ba in ka tambaye ni, amma aƙalla ya nuna mata ita yake so ba cikinta ba. Wanda ya kamata ka duba shi ne Ishaku. Yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, sai da ya kai 60 aka haifi tagwayensu, shekara 20 kenan, kuma abin da aka rubuta ya yi shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa, bai ƙaro wata ba. Ba ina maka alkawarin tagwaye bane, ni ba annabiya bace, kuma ka yi hankali da masu yi maka irin wannan alkawarin suna karɓar kuɗin mai da ruwan addu'a.

Akwai kuma doka, wadda na ga kamar baka yi tunaninta ba sam. Tunda kuna da satifiket ɗin rajista, aurenku na ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya ne, na mace ɗaya. Muddin yana nan duk wani auren gargajiya da ka ƙulla a kansa ba aure bane a idon doka, kuma sashe na 47 na dokar ya sa masa hukuncin ɗaurin shekara 5. Gaskiya ba kasafai ake kai mutane kotu a kai ba, amma takardar tana nan, kuma kai ma'aikacin gwamnati ne. Zancen "in sallame ta" ma ba a bakinka yake ba, irin aurenku Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, sai an gamsar da alƙali cewa auren ya mutu murus ta ɗaya daga cikin dalilan da aka lissafa, kamar zina ko gudun gida ko daɗewa a rabe, kuma rashin haihuwa baya cikin lissafin. Abin da zai baka mamaki, in ka tare da yarinyar nan, matarka ce zata samu hujjar kai ka, ba kai ba.

Ita yarinyar fa, ba wanda ya tambayi ra'ayinta a duk wasiƙarka, ko sunanta ban ji alamar ka damu da shi ba. Ɗiyar wasu ce. Za a ajiye ta a ƙauye wurin tsohuwa, miji na zuwa a sace sau nawa a shekara, coci bata san da ita ba, doka bata san da ita ba, in ka faɗi ka mutu ɗan da ta haifa yana da haƙƙinsa don tsarin mulki ya hana a tauye mutum saboda yadda aka haife shi, amma ita bata da matsayin matar aure, fansho da garatuti ba da sunanta za a yi magana ba. In kuma bata haihu ba, ita ma ta shiga layin jarkoki. Bata yi maka komai ba da zaka saka ta a wannan.

Inna kuwa kada ka ɗauke ta muguwa, kada kuma ka bari matarka ta ɗauke ta haka har abada. Tsohuwa ce da ta binne miji, ɗa namiji ɗaya gare ta, tana kallon gona da gida tana tunanin wa zai gaje su, tana jin kishiyoyin sauri da maƙwabta na yada mata magana a bakin rijiya. Tsoro ne ke magana a bakinta. Girmama iyaye umarni ne, amma girmamawa bata nufin ka miƙa mata ragamar ɗakinka, ayar da tace ka bar uba da uwa ka manne wa matarka daga littafi ɗaya ta fito da wadda tace ka girmama su. Kuma ka lura, rabin ƙarfin da Inna ke da shi kai ka bata, da shirunka. Shekara 9 tana zargin surukarta, baka taɓa cewa Inna ni ma ba a duba ni ba.

Toh ga abin da nake ganin zaka yi, kuma jerin yana da muhimmanci. Kafin ka nufi gidan yayar matarka, fara zuwa ƙauye. Kada ka yi ta waya, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ɗauki wani dattijo na dangin babanku wanda Inna ke jin nauyinsa, kawu ko baffa, ku zauna da ita ka gaya mata cikin ladabi cewa maganar nan ka janye, ba don an tilasta ka ba sai don ka yi alkawari gaban Allah kuma baka ma san daga ina matsalar take ba. Zata yi kuka, wataƙila ta ce an shanye ka, ka bar ta ta yi, kada ka ɗaga murya kada kuma ka ce "bari mu gani" don ka samu ka tsere. Sannan a je gidan iyayen yarinyar a basu haƙuri yadda al'ada ta tanada, kuɗin gaisuwar ka yafe, kada ka nemi ko sisi, a bar yarinya da mutuncinta ta samu mijinta. In Inna na tsoron tsufa ba mai kula da ita ne, wannan ka amsa shi da aiki, kuɗin cefane a kan lokaci, zuwa akai-akai, in zata yarda ta riƙa zuwa Sakkwato tana kwana biyu idan abubuwa sun lafa.

Daga nan sai asibiti, kai kaɗai tukuna. Ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ko wani asibitin da ke da likitan mafitsara da al'aurar maza, ka ce kana son gwajin maniyyi. Za su ce ka ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7, su baka 'yar kwalba mai murfi da sunanka a jiki, shikenan, ba allura ba yanka, kunyar minti goma ce. In sakamakon farko bai yi kyau ba kada hankalinka ya tashi, akan maimaita bayan kamar wata 3 don ƙwayoyin na ɗaukar fiye da wata 2 kafin sababbi su nuna, zazzaɓi mai zafi ma kaɗai na iya rage su na ɗan lokaci. Ka kai wa likita ya fassara maka, ba abokin ofis ba, ba mai maganin da ke yawo da lasifika a kasuwa ba.

Sai biko. Ka je da fastonku ko dattijon ikilisiya da matarsa, wanda kuka san bakinsa na da murfi, don ba kowane mai riƙe da Littafi ne ke iya riƙe sirri ba, kada zancenku ya zama abin roƙon addu'a a taron mata. Ka san fa in ka faɗa wa fasto gaskiya mai yiwuwa a yi maka faɗa ko ma ɗan horo, ka ɗauka, ya fi a ji daga bakin wani. In ka zauna gabanta kada ka fara da kare kanka. Ka ce na ɓoye miki, na tura kuɗi, na bar ki kina ɗaukar laifin da ban san ko nawa bane, na je na warware maganar, ga kuma takardar gwajina. Wannan takardar zata yi maka magana fiye da duk rantsuwar da zaka yi. Kada ka matsa mata ta biyo ka ranar, kada kuma ka bari a yi mata wa'azin biyayya a wurin kamar ita ce mai laifi, na san halin wasu dattawanmu, da an zauna sulhu sai a juya kan mace a ce ta yi haƙuri. Afisawa 5 da ake yawan karanta wa mata, kai aka ce ka ƙaunaci matarka kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya bada kansa dominta, ranar nan ayarka ce za a karanta.

In ta dawo ku koma wurin likita tare a duba ku a matsayin mutum biyu masu matsala ɗaya, ita a duba ko tana yin ƙwai da ko hanyoyin mahaifa a buɗe suke da ko akwai ƙari, kai kuma a bi naka. Ku sa wa kanku iyaka ta kuɗi da ta lokaci, don na ga gidajen da neman haihuwa ya cinye fili da mota da zaman lafiya gaba ɗaya. Akwai dashen ƙwai da ake kira IVF a Abuja da wasu manyan birane, yana da tsada sosai kuma ba kullum yake kamawa ba, ikilisiyoyi ma sun bambanta a kansa, Katolika basu yarda da shi ba, wasu sun bar wa ma'aurata, sai ku tambayi naku. Kuma tun kafin sakamako ya fito ku yi wa juna alkawari ko na waye ba za a yi gori ba, ba kuma za a kai wa dangi rahoton wane ne ba sai kun yarda ku biyu.

Akwai kuma yiwuwar a yi duk wannan Allah bai bayar ba, dole in faɗa maka. In haka ta kasance gidanku bai zama kango ba. Riƙo ba baƙon abu bane a ƙasar Hausa, gidaje nawa ne ɗan ƙani ko ɗiyar ƙanwa suka tashi a ciki har ba mai tuna ba nan aka haife su ba, ga marayu cikin danginku da cikin ikilisiya waɗanda rashin tsaron yankin nan ya bari ba uba. In kuna son yaro ya zama naku a takarda ku bi ta ma'aikatar mata da yara da kotu tare da lauya, kada ku kuskura ku saurari mai cewa zai samo muku jariri da kuɗi, wannan fataucin yara ne kuma gidan yari ne ƙarshensa. Akila da matarsa Bilkisu da Manzo Bulus ke ta gaisarwa a wasiƙunsa ba a ambaci ɗansu ko ɗaya ba, abin da aka ambata shi ne suna sana'ar tanti tare, sun zaunar da mai wa'azi Afolos sun ƙara masa sani, ikilisiya kuma na taruwa a gidansu. Amma zancen riƙo kada ka kawo shi yanzu, sai raunin ya warke, kuma ya zama ita ma tana so, ba a kawo mata yaro a ce ga maganin kukanki ba.

In kuma ka yi duk abin nan tace bata shirya dawowa ba, haƙƙinta ne ta ɗauki lokaci, amana ba a rana ɗaya take dawowa ba. 1 Korintiyawa 7 ta san ana rabuwa, abin da tace shi ne a zauna haka ko a shirya, ba a buɗe maka ƙofar ƙauye ba don ta yi wata 2 a gidan yayarta. Ka ci gaba da aika mata kuɗin abinci da na magani ta hannun yayar, ka bar mata saƙo ɗaya a sati ba kira 30 a rana ba, ka cire lambar sirrin da ke wayarka ko ka bata ita, ka kuma gaya wa ƙanwarka a fili cewa daga yau ba ita ce 'yar aike tsakaninka da kowa ba. Da ka karɓo sakamakon gwajin ka sake rubuto min, ko mene ne ya fito, sai mu duba mataki na gaba da yadda zaka faɗa wa Inna.